Gawon da Malam Ya Kashe

Ina aji uku a wata makarantar 'yan mata ta kwana kusa da Malumfashi aka kawo mana sabon malamin adabi. Ɗan birni ne, bai taɓa riƙe fartanya ba, amma ya iya karantarwa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ya fara nuna mana cewa marubuci ba ya dasa itace a labari a banza, duk abin da ya ajiye yana tsaye ne a madadin wani abu. Kai, na ji daɗin wannan magana!

A littafinmu akwai wani tsohon gajeren labari. Wani dattijo ne manomi, ran nan da damina ya miƙa wa 'ya'yansa biyu garmarsa, ya je ya zauna a gindin gawo a tsakiyar gona. Gawon ba ganye ko ɗaya, dawa kuwa ta yi kore shar a kewaye da shi. A nan labarin ya ƙare.

Malam ya rubuta a allo: itace marar ganye a tsakiyar damina alamar mutuwa ce, dattijon ya kusa tafiya. Kowa ya duƙa yana kwafa. Ni kam alƙalamina ya ƙi motsi.

Na ɗaga hannu na ce, "Malam, ai gawon nan lafiyarsa lau."

Na gaya masa abin da kowa ya sani a garinmu Dayi. Gawo da damina yake kakkaɓe ganye, da rani ya yi kore. Shanun Fulani su kwanta a inuwarsa su bar taki, in ruwa ya sauka sai ya tuɓe ya bar wa shuka rana. Guda uku ne a gonarmu, kuma a gindinsu dawa ta fi kauri. Dattijon ba mutuwa zai yi ba, matsawa ya yi don 'ya'yansa su samu rana.

Malam ya yi murmushi ya ce, "To, 'yar ƙauye ta kawo mana gona cikin aji." Aka fashe da dariya. Na koma na zauna.

Jarrabawar ƙarshen shekarar nan ba ta wasa ba ce. 'Yan mata biyar na sama za a tura kwalejin horon malamai, kuma a kan wannan Baba ya cire ni daga aikin gona, shekara uku yana noma shi kaɗai. Sai ga tambayar gawo ta fito. Na rubuta abin da na sani, shafi biyu cur.

Washegari Malam ya kira ni ofis. Ya ajiye takardata, ya miƙo mini alƙalami.

"Kina da ƙwaƙwalwa, kar ki ɓata wa kanki. Soke wannan ki rubuta abin da na koya muku, ba wanda zai ji."

Na san taimakona yake so ya yi. Amma na ce, "Malam, in na rubuta ya mutu, ƙarya na yi wa itacen." Na ajiye masa alƙalaminsa.

Na zo ta shida.

Da na koma gida na iske Baba a gona ana tsinkar auduga. Na zayyana masa komai, ina jiran ya ce na yi daidai. Ya dube ni, hannuwansa duk sun tsattsage.

"Uwata," ya ce, haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "da kin rubuta masa mutuwar, gawon zai mutu ne?"

Kuka na yi, na haushi da na kunya gaba ɗaya. Bai rarrashe ni ba, buhu ya miƙo mini.

Ban je kwalejin nan ba, ko a shekarar, ko bayanta. Na sha juya tambayar Baba a raina, kuma na yarda gaskiya ya faɗa, wahalarsa na yi caca da ita ba tawa ba. Amma ko yau aka miƙo mini alƙalamin nan, Allah ya gafarta mini, ba zan soke ba.