Abin da Ke Tashi Idan Na Rufe Allo

Ɗan kawuna ne ya koya mini baƙin allo, wato wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni da kalmomi maimakon danna hotuna. Taubashina ne, tare muka tashi a Gumel, bakinsa ba ya hutawa da tsokana. Yana da shagon cajin waya da turin waƙoƙi a Maigatari, ni kuma ina koyarwa.

A lokacin na ɗauko wani aiki da nake ji da shi. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, tana Ɗanzomo, kuma tana da waƙoƙin niƙa da ba kowa ya taɓa ji ba. A cikinsu take kiran 'ya'yanta da suka rasu, take faɗin abin da ta haɗiye a gidan aure. Na sha wuya kafin ta yarda na ɗauki muryarta.

"Ke kaɗai na yi wa," in ji ta. "Ban yarda kunnen namiji ya ji ba."

Na ce, "Iya, amana ce."

Tsorona kada kwamfutata ta lalace muryar ta salwanta, shi ya sa na nemi taubashin nawa. Ya ce abu mai sauƙi. A baƙin allo ana iya rubuta ɗan aiki a ɗaura shi da faruwar wani abu. Ba ya motsi, yana nan yana jira, sai abin ya faru ya tashi da kansa. Akwai mai jiran buɗewa, akwai mai jiran rufewa. Ya rubuta mini na buɗewa, da na shiga sai allon ya gaishe ni da "Sannu baiwata." Na zage shi, muka yi dariya. Na rufewa kuwa, ya ce shi zai riƙa kwafe muryoyin zuwa wata ma'ajiya tawa a intanet.

"Sharaɗi ɗaya, malama," ya ce. "Kada ki kashe ta da maɓalli irin na 'yan ƙauye. Ki bar data a kunne, ki rubuta exit, wato fita."

Na riƙe wannan sharaɗi gam. Ko caji ya kusa ƙarewa sai na rubuta kalmar nan, sannan hankalina ya kwanta.

Wata Alhamis na shiga kasuwar Maigatari sayen atamfa. Ina cikin ciniki wayar wani ɗan acaɓa ta yi ƙara a bayana. Muryar Iya ce. An ɗora mata kiɗan zamani a ƙasa, an yanko daidai inda muryarta ke rawa tana kiran ɗanta na fari. Abokan mai wayar suna amshi suna dariya. Na ajiye atamfar, na bar kasuwar.

Da na koma gida na sa allon ya nuna mini abin da ke cikin aikin rufewar. Ban taɓa dubawa ba, don wa zai binciki ɗan uwansa? Layi na farko yana kwafewa zuwa ma'ajiyata, kamar yadda ya faɗa. Na ƙarƙashinsa yana aikawa zuwa kwamfutar shagonsa. Ashe duk ranar da na rufe allon a tsanake don kare amanar Iya, da hannuna nake miƙa masa ita. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ya san ba zan taɓa saɓa sharaɗin ba.

Na kira shi. Dariya ya yi.

"Haba baiwata, tsohuwa ta yi suna har Damagaram. Godiya ya kamata ki yi mini."

Na ce masa wasan taubashi ya ƙare tsakaninmu, na kashe wayar. Har yau in na tuna dariyar nan sai zuciyata ta tafasa.

Goge layin bai ɗau komai ba. Zuwa Ɗanzomo ne ya yi mini nauyi, ina hanya ina shirya yadda zan fara faɗa mata. Ashe waƙar ta riga ni isa, samari na kunna ta a bakin tasha.

Iya ta amsa sallamata, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka kawo mini fura. Ba ta ɗaga murya ba. Na buɗe baki zan yi bayani, sai ta dubi jakar kwamfutar da ke kafaɗata.

"Ki kai wannan zaure tukuna," ta ce. "Sannan ki shigo mu gaisa."