Roba Mai Ƙuraje

Abin da na fara lura da shi da muka shiga zauren gasar ƙwallon tebur a unguwar Sparkhill ta Birmingham shi ne raket ɗin kowa sumul yake. Nawa kaɗai ke da ƙuraje a gefe guda.

Aikin Baba ne. Direban bas ne a Manchester, ya kuma yarda da taya. Da robar raket ɗina ta tsage, ya sayo mai gajerun ƙuraje ya manna mini, bai tambayi kowa ba.

"Taya mai zane ita ke kama titi," ya ce. "Wannan za ta kama ƙwallo."

Ba ta kamawa. Roba mai sumul ce ke murza ƙwallo, ni kuwa da murzawa nake wasa, daga can nesa da tebur, inda ba sai na ga fuskar kowa ba. Tun a unguwarmu, Gorton, kocinmu ta ce duk wadda ba ta ci wasa ko ɗaya ba za ta bar wa wata gurbinta a ƙungiyar makaranta.

Wasannin farko, duk abin da na buga da gefen mai ƙurajen raga ya faɗa. Baba na tafi a bayana. Shi kaɗai ke tafawa.

Wata dattijuwa da ta kawo jikarta ta ji shi yana yi mini Hausa. Ta karɓi raket ɗin ta shafa da babban yatsa.

"'Yata, wa ya saka miki wannan?"

Na kalli takalmina.

"To, wannan ba ta tsayuwar bakin ƙofa ba ce. Matsa jikin tebur. Ƙwallo na tashi ki mare ta, kada ki shafa. Murɗin abokiyar wasanki ma ba zai dame ki sosai ba."

A wasan ƙarshe na matsa, har ina ganin wayar gyaran haƙoran yarinyar da ke gabana. Na mari ƙwallon. Ta yi ƙara busasshiya, ta tafi ƙasa-ƙasa, yarinyar ta mayar da ita raga. Haka muka yi ta yi har na ci. Koci ta ce in zo atisaye ranar Litinin.

A mota Baba ya ce, "Ban gaya miki tana kamawa ba? Zan sayo ta ɗaya gefen."

Muna fita daga Birmingham na juya wajensa.

"Baba, don Allah ɗaya gefen a bar mini shi yadda yake."