Baba Ana-Jina da Eriyarsa

Kafin a ce na cika faɗa, a fara jin abin da mutumin nan ya yi mana. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Tun yana saurayi yake aiki a kamfanin manyan motoci, shi ne mai zama a ɗan ɗaki da rediyon oba-oba yana kiran direbobi a kan hanya. A kan kujerar nan ya yi furfura. Da ya yi ritaya, sa'o'insa suka koma kiwon kaji, shi kuwa ya sayo na'urar magana da nesa, ya kafa eriya a bayan gida, doguwa kamar za ta tsone wa sama ido. Wai hira yake da masu irin ciwonsa a ƙasashen duniya.

Ƙasashen duniya ban sani ba, amma mu dai muna jinsa. Ina zaune da yamma ina kallon wasan kwaikwayona, an zo daidai inda za a tona asirin mugu, sai fuskar jarumar ta yi zane-zane, murya ta fito daga talabijin ɗina: "Ana jina? Ana jina?" Ranar farko na zaci aljani ne, na watsar da kofin shayi. Daga nan unguwa ta raɗa masa Baba Ana-Jina.

Intanet kuwa ba a magana. Ni tela ce, ta waya ake turo min hoton samfurin ɗinki. Da ya danna maɓallinsa, sai akwatin intanet ɗinmu ya hau ƙifta jar fitila. Wata ta turo min hoton riga, ya buɗe iya wuya ya tsaya cak. Na ƙarasa sauran da ka. Har yau ba ta gaishe ni.

Abin da ya ƙure ni shi ne ranar da na ji shi, a talabijin ɗin da na saya da gumina, yana ba wani baƙo labarin unguwa: "Yanayi lafiya lau a nan, sai dai maƙwabciyata tela ta tashi da faɗa. In ka ji ƙara, ba na'urarka ba ce. Sai kai."

Ni! Na ja mayafi na bi gida-gida. Mai aski ya biyo ni, mai kemis ya biyo ni, muka tsaya masa a ƙofa. Ya ce yana da izinin hukuma. Na ce izinin shiga falona fa, wa ya ba shi? Da kansa ya sauke eriyar, ya kwantar da ita a gindin katanga kamar mara lafiya. Matarsa ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, kun yi wa kanku." Ban gane ba.

Washegari na gane. Ina buɗe shago Baba ya jawo benci ya zauna kusa da kekena. Ashe yanzu ni ce ƙasashen duniya. Ya ba ni tarihin kowane direba da kowace tayar da ta taɓa fashewa. In ya kai aya sai ya ce, "Sai ke." In na yi shiru, "Ana jina?" In na ce, "To Baba, sai an jima," sai ya ɗauka amsa ce, ya ɗora. Na shiga bayi na daɗe da gangan, na fito na tarar yana jirana da rabin zance a baki. Har aljihu na ɗinka wa wani a bayan riga. Mai aski in ya hango shi sai ya ja labule, mai kemis ya ce kunnensa na ciwo, duk suka bar min shi.

Na je wurin matar. Na ce, "Yaya, don girman Allah, ta ina ake kashe shi?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Akwai abin da direbobi ke ce masa in an gama magana. In bai ji shi ba, a wurinsa layi a buɗe yake. Ni sai da na haihu biyu na gano."

"To faɗa min mana!"

"A sake kafa eriya tukuna. Ke da kika ɗanɗana kaɗan har kin rame. Ni na'urar nan ce hutuna, kuka zo kuka ƙwace min."

Ni da na ja gaba aka sauke ta, ni na riƙe tsani aka mayar. Aka matsar da ita can ƙarshen fili, mai gyaran talabijin ya ɗaura wasu zobba a wayoyinmu, jar fitila ta daina ƙifta ido, Baba kuma ya yi alkawarin shiru lokacin wasana. Sannan matar ta raɗa min a kunne: "Na rufe."

Shi ke nan fa! A kan wannan na sha wahalar nan.

Har yanzu muryarsa takan leƙo talabijin ɗina jefi-jefi, siririya. Jiya ma na ji, "Ƙanwata tela, ana jina?" Na je gindin katanga na ce a hankali, "Na rufe." Ya yi ɗif.

A hankali na faɗa saboda mai aski. In Baba ya je aski, wuni yake yi a kan kujera, shi ya sa mai askin ke bina yana roƙon kalmar. Ba zan ba shi ba. Wanda ya ja labule ya bar ni da mutumin nan, ya je ya haihu biyu ya gano da kansa.