Abin da Ya Kai Baba Soja

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Baba makwancinsa, amma sai bana na san abin da ya kai shi soja. Malam Garba Makanike, kamar yadda aka san shi a Zariya, bai taɓa zaunar da mu ya ba mu labarin yaƙin basasa ba. Mun dai san ya je, ya dawo yana ɗingisa ƙafar hagu, ya buɗe gareji a Tudun Wada. In wani ya taɓo zancen sai ya ce yaƙi ba abin hira ba ne, ya koma ƙarƙashin mota. Mu kuwa 'ya'yansa muka cike giɓin da abin da ranmu yake so. Muka ce kishin ƙasa ne, muka ce jarumta ce. Ni kaina na sha bugun ƙirji da haka a ma'aikatar da nake aiki a nan Abuja.

Da daminar bara ɗakinsa ya tsage aka rushe shi, sai Yaya Binta, babbarmu, ta taho mini da akwatinsa na ƙarfe, ta ce tunda ni ne ɗan boko in duba takardun. Ba su da yawa. Akwai takardar sallama daga soja, wadda ta ce shi direba ne mai halin kirki. Akwai shaidar gama koyon aiki daga wani gareji a Kafanchan, da sa hannun wani Fidelis. Sai hoton samari biyu sun jingina da babbar mota, ɗaya Baba ne. Kafanchan ɗin ce ta tsaya mini a rai, don mun tashi da cewa daga ƙauyenmu ya zarce bariki. Na kira Baffa Isa, ƙaninsa, ya ce shi dai ya tuna bayan rasuwar mahaifinsu Baba ya bar gida yana yaro saboda babu, bai dawo ba sai da kaki a jikinsa. Iyakar saninsa ke nan.

Yaya Binta ce ta gane ɗayan saurayin da tsagar fuskarsa. Ta ce wani tsoho ne da ya zo ta'aziyya ya yi ta kuka ya ƙi cin abinci, Baba Yohanna, kuma ya ce yana zaune wurin ɗansa a Nyanya, nan gefen Abuja. Na ɓata Asabar da dama ina kutsawa cikin cunkoson hanyar nan ina tambaya a tasha da bakin coci, har wani mai faci ya nuna mini shagon ɗan nasa. A bayan shagon na same shi kan benci, ido ya yi rauni. Da na faɗi sunan Baba sai ya riƙe hannuna bai saki ba har na tashi tafiya.

Ya ce tare suka yi koyon aiki. Oga Fidelis mutumin gabas ne, ɗan ƙabilar Ibo, shi ya tsinci Baba a tashar jirgin ƙasa yana dako, ya kai shi gidansa. Matarsa ta ware masa tukunya don kada ya yi shakkar abin da zai ci, in azumi ya zo ita ke tashinsa sahur. Da rikici ya ɓarke shekarar da ta gabaci yaƙi, Baba ne ya ɓoye Oga Fidelis da matarsa da 'ya'yansu a bayan wata motar hatsi ya kai su tasha. Jirgi ya tashi da su, shi ya tsaya riƙe da makullin gareji. Ya yi watanni yana buɗewa yana rufewa, yana jiran mai shi. Da aka fara ɗibar soja aka ce ana neman masu iya tuƙi, Baba ya ce wa Yohanna babu wata hanyar shiga gabas sai wannan. Tare suka shiga soja.

“Ɗana,” in ji Baba Yohanna, “ubanka ba harbi ya kai shi ba. Nema ya je.”

Duk garin da suka shiga, in an sauke kaya, sai ya bi sansanin masu gudun hijira yana faɗar sunan ubangidansa da na garinsu. Bayan an gama yaƙi ya isa garin, ya tarar da gidan babu rufi. Wata tsohuwa ta shaida masa matar da ƙaramin ɗanta yunwa ta kashe su a daji. Shi Oga Fidelis da sauran yaran, babu wanda ya san inda suka yi. Baba Yohanna ya ce daga ranar bai ƙara jin Baba ya yi dariya mai sauti ba, don kullum yana lissafin cewa motar da yake tuƙawa tana cikin abin da ya toshe wa mutanen hanyar abinci.

A hanyar komawa gida na tuna zuwan Baba Abuja na ƙarshe, lokacin da muka kawo shi asibiti. Da ya ɗan samu sauƙi ya ce in kai shi kasuwar Gudu wurin Ibo masu sayar da kayan mota. Na tsaya ina kallonsa yana bi shago shago da sandarsa, yana yi musu yarensu tiryan-tiryan, samari suna ta dariya suna ba shi kujera. Na ɗauka abin da ya tsinto ne a yaƙi, har na ba da labarin a gida aka yi ta raha. Ashe labarin Oga Fidelis yake tambaya. Da na sani ƙeya ce. Mun zauna da mutumin nan shekara da shekaru, mun san takalminsa da tarinsa, ba mu san abin da yake ɗauke da shi ba. Shi ma da ya buɗe baki, wataƙila da mun taya shi nema tun da sauran waɗanda suka san amsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Abujar yau. Soja sun koma bariki, benaye suna tashi kamar an shuka su, kowa da waya a hannu, wanda ya ɓace maka da safe ka same shi kafin azahar. Ina jin zai yi murna ya ga 'ya'yana suna cin abinci kwano ɗaya da 'ya'yan maƙwabcina mutumin Inugu. Amma duk lokacin da aka ji wani gari ya yamutse, na ga mutane sun cika tasha da katifu da tukwane suna neman motar gida, na san da yana nan zai gane fuskokin nan, zai kuma yi shiru irin nasa.

Bai bar mana lambar yabo ba, garejin ma yanzu shagunan haya ne. Abin da ya rage shi ne yaran da ya koya wa aiki, Musulmi da Kirista, waɗanda ya ci da su ya kwantar da su a zaurensa, yau ga su da nasu yaran daga Kaduna har Apo ta nan Abuja. Alherin da aka yi masa bai samu mai shi ya rama masa ba, sai ya raba wa 'ya'yan wasu.

Ban san ko Oga Fidelis ya tsira ba. In akwai wani cikin zuriyarsa da wannan shafi zai isa hannunsa, ina so ya sani: yaron da ubansu ya ɗauko daga tasha bai manta ba, ya neme shi har ƙarfinsa ya ƙare. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.