Ɗaɗɗoyar da na tsinko a bakin kwatar ruwa

Ina 'yar shekara goma sha huɗu a Birnin Tudu, lokacin da ruwan dam ɗin Bakolori ya fara iso gonakinmu, babu wanda ya kai ni rawar kai. In na ga ƙadangare sai in ce kada ne ya biyo ni, a yi ta dariya. Sauro kuwa ya yi yawa a shekarun nan, har nakan ce da sallama yake shigo mana.

Wata safiya ƙanwata 'yar shekara uku ta tashi da zazzaɓi. Kakarmu ta aike ni tsohuwar gonarmu ta kan tudu in tsinko ɗaɗɗoya, ganyen nan mai ƙamshi da take dafa mana. Tafiyar da nisa, ni kuma ƙawayena na jirana. Sai na ratse bakin kwatar da ke shayar da gonakin tumatir, na yago ɗaɗɗoyar da ta fi kore a wurin. Na ji wani wari-wari a jikinta, na kuma ga wani mai gona goye da tankin feshin maganin ƙwari, amma na yi gaba. Ko wankewa ban yi ba na jefa a tukunya, na ce wa kaka har ƙafata ta kumbura don hawan tudu.

Kaka ta dafa ta ba ƙanwata ta sha. Kafin azahar yarinya ta fara amai, yawu na dalala, jikinta na karkarwa. A bayan motar ɗaukar buhuna muka kai ta asibiti a Talata Mafara, innarmu na ta salati. Likita ya tambayi abin da ta sha. Kaka ta rantse ɗaɗɗoyar tudu ce, wadda ta raini 'ya'ya da jikoki da ita. Ya ce in ba a faɗa masa gaskiya ba bai san allurar da zai yi ba, kuma lokaci na ƙurewa. Na dubi idon ƙanwata da ya juye, na durƙusa ina kuka na faɗi inda na tsinko. Kaka ba ta dake ni ba. Cewa kawai ta yi ashe da hannunta ta ɗura wa jikarta guba, ta juya fuska.

Allah Ya tashi kafaɗar yarinyar bayan kwana huɗu. Kaka kuwa har ta rasu ba ta ƙara dafa wa wani yaro magani ba, kuma ni na jawo.

'Yan'uwana, ganye ba ya faɗin abin da aka fesa masa. Ku san inda ya tsiro, ku wanke shi, zazzaɓin ƙaramin yaro kuma a kai asibiti. In kun yi kuskure ku faɗa tun mara lafiya yana numfashi.