Allurar Mai a Hanyar Dogarawa

A da, mota ba ta gaya wa mutum abin da ke cikinta. Na zauna Kumasi, na zauna Abijan, na yi Kano, ko'ina tsohon direba da tsumagiya yake auna mai: ya zura a tanki, ya zaro, ya duba inda ta jiƙe. Motata, tsohuwar ƙirar nan da ake ce wa kat-san-kat, da na saya tun kafin furfura, haka ta rayu shekaru. Bana ne ƴaƴa suka matsa, aka sauke tanki aka yi masa walda da fenti, aka sa sabuwar fulota, ɗan abin nan da ke iyo bisa mai yana aika wa allurar mai da ke gaban direba labari ta waya. Allura ta farfaɗo, ni kuma na daina yarda da tsumagiya.

Mun bar Ƙonni bayan sallar asuba, ni da direbana, ɗan wani aminina marigayi, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana tuƙa ni. Ta'aziyya za mu Dogarawa. Mun sha mai wurin masu kwalabe na bakin hanya, lita dala saba'in. Na shinshina kowace kwalba, don na san masu haɗa shi da kananzir. Allura ta hau sama.

A Tsarnawa muka tsaya karin kumallo. Ƙosan wurin ya fi na Maraɗi laushi, amma mai shayin yana zuba madara kamar magani yake ɗiga wa ido. Direba ya ce zai kai taya a ƙara mata iska, ya zagaya da motar bayan rumfuna. Ya daɗe. Da muka hau hanya na ga allura ta sauko ƙasa da rabi.

Na tuna wani direba a Kumasi da ke tsotse man ubangidansa da tiyo. Na tuna sabuwar salular da yaron nan ya saya watan jiya. Gero da wake sun yi kyau dama da hagu, ni kuwa allura nake kallo. Duk ramin da muka faɗa sai ta yi tsalle, ta dawo ƙasa da inda take. Kafin mu hango hayaƙin gidan siminti na Malbaza ta kwanta ɗungurum.

Na ce ya tsaya. Na tambaye shi wa ya sayar wa man a bayan rumfuna.

Ya dube ni ya ce, "Ni, Baba? Ga tsumagiya nan ƙarƙashin kujera, mu auna."

Na ce, "Tsumagiyar da kai ka yi wa zane da wuƙarka? Ba ni makulli."

Ya ba ni. Na tuƙa da kaina zuwa Malbaza, da na ga allura a kwance amma mota ba ta mutu ba, na ce sai an duba. Na ƙudura cewa daga Malbaza zai koma gida a motar haya, kuma a Ƙonni ba a ɓoye dalilin sallamar direba.

Kusa da inda manyan motocin siminti ke layi akwai wani dattijo mai gyaran wayar mota. Shi ma ban yarda da shi ba, na tsaya a kansa. Ya cire wayar fulota ya taɓa ta da jikin mota, allura ta tashi har ƙarshe. Ya ce allura lafiya take. Ya shiga ƙarƙashi, ya fito yana dariya da guntun roba a hannu.

"Alhaji, wa ya ɗaura maka tankin ga? An shahe shi da henti, an naɗe shi da robar taya kamar jariri. Ta ina mas za ya bi?"

Mas shi ne hanyar da wuta ke komawa ta ƙarfen mota. Ƴan Sakkwato suna ce masa at. Fulota ta jikin tanki take samunsa, tanki kuma ta jikin mota. Robar nan ni na sa a saka ta, don ƙarar tanki tana damuna a hanyar tsakuwa. Ƙusa ɗaya ce ke ɗan taɓa ƙarfe, ramukan hanya suka sassauta ta. Ya kankare fenti har ƙarfe ya yi fari, ya ja waya ɗaya daga kan fulota zuwa shasi, ƙarfen ƙasan mota, ya ɗaure. Aka kunna. Allura ta hau, ta tsaya kaɗan ƙasa da inda take a Ƙonni.

Mai gyaran ya ce wa direba, "Kai kuma mi ya sa ka shiru haka, ko ba ka karya ba?"

A gaban mutumin na miƙa wa direba makulli, na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ba komi, Alhaji." Bai taɓa kirana Alhaji ba sai ranar.

Mun yi ta'aziyya a Dogarawa, aka kawo fura mai tsami da kyau, muka juyo da la'asar. Har Ƙonni allura ba ta yi ƙarya ba.

Wata uku ke nan. Waya ɗaya mai tsawon kamu biyu ta gyara allura, tana nan tana aiki. Direbana yana nan yana tuƙa ni. Amma tun ranar bai ƙara zuba mai a motar nan ba sai ina tsaye ina gani, kuma bai ƙara ce mini Baba ba.