Motar da Ake Cire Takalmi

Ƙarnin busasshen kifi a kasuwa jiya ya tuno min da marigayi Kawu, wanda ya fara kai ni ƙasar Sin saro kaya a ƙarshen shekarun casa'in.

Daga Guangzhou za mu Shantou, tsohon garin bakin teku. A ƙofar bas ɗin da za mu shiga direba ya miƙo leda, wai kowa ya cire takalmi. Ga zafi, ga ƙarnin kifi, na tsaya ina ƙunƙuni.

Kawu ya cire nasa. "Ɗana, inda ake cire takalmi akwai mutunci. Shiga da sallama."

Da la'asar ya ɗaga wa direban buta. Mutumin ya tsaya gefen teku, mota guda tana jiranmu har muka idar.

Allah Ya sa inda Kawu ya sauka an amsa masa sallama.